Kwana 40 Tsakanin Kano da Sakkwato: Ƙurewar Lokaci da Yanke Shawara Cikin Kasada a Shekarar 1903

1.0 Gabatarwa

Ranar Talata 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Turawan Ingila suka fasa Ƙofar Kabuga suka shiga birnin Kano. Ranar Lahadi 15 ga Maris na wannan shekara kuma suka tarwatsa rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Tsakanin ranakun nan biyu kwana 40 ne cif. A cikinsu ne ya zama tilas ga shugabannin daular da ta yi kusan shekara 100 a tsaye su yanke shawarar da ba su taɓa fuskantar irinta ba, wato ko dai su yi yaƙi, ko su yi hijira, ko kuwa su nemi sulhu da Nasara. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ba ya ɗauke da hatsari ga rai da addini da mulki.

Masana tarihi irin su Last (1967) da Johnston (1967) da Adeleye (1971) sun yi bayani mai gamsarwa game da faɗuwar daular, inda aka fi ba da ƙarfi ga bambancin makamai da kuma rashin haɗa ƙarfi tsakanin masarautu. Wannan maƙala ba ta ja da ko ɗaya daga cikin dalilan nan ba. Abin da ta ɗauka shi ne ɓangaren lokaci. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa ƙurewar lokaci ta riƙa cinye zaɓin da ke gaban shugabannin nan ɗaya bayan ɗaya, tana farawa da wanda ya fi buƙatar shiri, sa'an nan daga bisani ta fizge shawara daga hannun majalisa ta ɗora wa kowane mutum shi kaɗai.

2.0 Kalmomi da Ra'ayoyin Masana

Hausa ta bambanta hanzari da gaggawa. Hanzari abin yabo ne, domin mai shi ya san abin da zai yi, saurin aikatawa kawai ya ƙara. Gaggawa kuwa abin zargi ce, ita ce ake yi wa kashedi da cewa sauri ya haifi nawa. Akwai kuma kalma ta uku wadda ta fi waɗannan dacewa da abin da ake magana a kai, wato ƙurewa. Idan aka ce lokaci ya ƙure, an yi amfani ne da aikatau ɗin da maharbi ke amfani da shi idan ya ƙure dabba a lungu, ko malami idan ya ƙure abokin muhawararsa. Mai gaggawa shi ya jawo wa kansa. Wanda aka ƙure kuwa, wani ne ya tsuke masa fili. Haka nan akwai bambanci tsakanin kasada da ganganci, sai dai sau da yawa ba a raɗa wa aiki ɗaya daga cikin sunayen nan sai bayan an ga yadda ya ƙare.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. Janis da Mann (1977) sun bayyana cewa idan mutum ya ga hatsari a kowace hanya, kuma ya yi imani babu sauran lokacin neman wadda ta fi, yakan faɗa cikin ruɗani, ya cafke mafitar da ta fara bayyana gare shi ba tare da auna ta ba. Ben Zur da Breznitz (1981) sun gwada mutane da zaɓi irin na caca, suka gano cewa idan aka taƙaita musu lokaci sukan kauce wa zaɓi mai yawan kasada, hankalinsu kuma yakan koma kan abin da za su rasa. Kahneman da Tversky (1979) kuwa sun nuna cewa idan duk hanyoyin da ke gaban mutum na hasara ne, yakan fi son ya yi kasada bisa ga ya karɓi hasarar da ta tabbata. Daga ɓangaren tarihi, Holsti (1972) ya bi takardun shugabannin Turai na makonnin da suka gabaci Yaƙin Duniya na Farko a 1914, ya ga yadda kowannensu ya riƙa jin cewa lokaci na ƙure masa, zaɓinsa na raguwa, alhali yana ganin abokin gaba na da sarari.

Ɗakin gwaji daban, fadar sarki daban, saboda haka ba za a ɗora sakamakon waɗannan nazarce-nazarce a kan mutanen 1903 kai tsaye ba. Amfaninsu a nan shi ne sun nuna cewa ƙurewa ba ta tura kowa wuri ɗaya. Wani takan sa shi ya ja da baya, wani kuma ta sa shi ya afka.

3.0 Agogon Gwamna Lugga

Kafin a dubi waɗanda aka ƙure, ya kamata a dubi wanda ya ƙure su, domin shi ma ba a sake yake ba. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya shelanta a Lakwaja cewa Arewacin Nijeriya ya shiga ƙarƙashin kariyar Ingila. A 1901 aka ci Kwantagora da Bidda da Yola, a farkon 1902 aka ci Bauci, kafin ƙarshen shekarar kuma an girke soja a Zariya an kawar da Sarki Kwasau. Amma Ingila ta fito ne daga yaƙin Afirka ta Kudu a watan Mayu 1902, yaƙin da ya cinye dukiya da rayuka, kuma Ma'aikatar Mulkin Mallaka da ke Landan ba ta da sha'awar buɗe wani sabon fage. Lugga ya san da haka. Ya san kuma cewa yaƙi a ƙasar Hausa aikin rani ne, da zarar damina ta sauka hanya ta rufe wa masu ɗaukar kaya da igwa. Ga kuma hukumar shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa, wadda aikinta zai ratsa ta arewacin Sakkwato da Katsina, ƙasar da Ingila ke iƙirarin mallaka a takarda alhali ba ta taka ba.

Abubuwa biyu ne ya kafa hujja da su. Na farko wata wasiƙa ce da ya ce ta zo masa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a watan Mayu 1902, wadda ya ɗauka a matsayin shelar yaƙi. Muffett (1964) ya yi doguwar muhawara game da asalin wannan wasiƙa da ingancin fassararta, kuma batu ne da ya shafi manazarta harshe kai tsaye, tun da yake duk wata magana tsakanin ɓangarorin nan biyu sai ta ratsa ta Ingilishi da Larabci, wani lokaci har da Hausa, ta hannun tafintocin da ba wanda ke bin sawun aikinsu. Na biyu shi ne kisan Kyaftin Moloney a Kafi a farkon Oktoba 1902, da kuma karɓar da Sarkin Kano Aliyu Babba ya yi wa Magajin Kafi Ɗanyamusa bayan ya gudo. Lugga ya ci gaba da tara soja a Zariya, Ma'aikatar ba ta sami cikakken bayani ba sai da shiri ya yi nisa, Sakatarenta Joseph Chamberlain kuma yana ziyara a Afirka ta Kudu. Wato dai Lugga yana tsere ne da manyansa kafin su ce masa ya dakata.

Sai dai ƙurewar Lugga ta bambanta da ta sarakuna ta fuska guda mai muhimmanci. Shi ne ya zaɓi ranar farawa. Shawararsa ta riga ta nuna, abin da ya rage masa aiwatarwa ne, ke nan a Hausance hanzari yake yi. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja baƙaƙe sama da 700, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4.

4.0 Kano: Dare Ɗaya, Hanya Uku

Sa'ad da Morland ya iso, Sarkin Kano ba ya gari. Aliyu Babba ya tashi zuwa Sakkwato a farkon Janairu, jim kaɗan bayan Ƙaramar Salla, tare da mafi yawan hakimansa da dawakinsa. An sha zarginsa a kan wannan tafiya, amma tana da dalilinta. Aliyu ya hau sarauta ne ta hanyar Basasa, inda ya kayar da Tukur, wanda Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa, saboda haka tsakaninsa da Sakkwato akwai tsami har rasuwar Abdurrahman a Oktoba 1902. Hawan Attahiru ya buɗe masa ƙofar kai caffa da gyara zumunci. Bugu da ƙari, a cikin wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari, waɗanda Backwell ya buga fassararsu a 1927, akwai ta Aliyu inda yake ba da shawarar cewa babu abin da ya fi alheri ga Musulmi illa su bar ƙasar gaba ɗaya. Magana irin wannan ba a yanke ta a Kano. Kafin ya tashi ya sa an gyara ganuwa, ya bar gari a hannun manyan bayinsa, Sarkin Shanu da Sallama. Lissafinsa shi ne akwai lokacin zuwa da dawowa. Tsakanin Kano da Sakkwato kuwa tafiya ce ta kimanin mil 250, Zariya zuwa Kano ko rabin haka ba ta kai ba. Turawa suka ci Bebeji a hanya, suka gwada Ƙofar Dukawuya ta gagara, suka koma Kabuga, kwana 5 bayan tashinsu daga Zariya gari ya faɗa hannunsu. Sarkin Shanu ya mutu yana kare fada.

Labari ya riski Kanawa suna kan hanyar dawowa. A Birnin Goga, cikin ƙasar Zamfara, al'amarin ya tsinke. Rundunar na nan da ƙarfinta, amma gidajensu da iyalansu na hannun abokan gaba, kuma sojan Turawa ya riga ya fito daga Kano ya nufo yamma. Ba su da kwanakin da za su zauna su auna. Abin da ya biyo baya shi ne manyan mutane uku, dukkansu 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, kowa ya kama tasa hanya. Aliyu ya sulale cikin dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka bi shi ya nufi Kano, ya yi karo da wata ƙaramar rundunar sojan doki a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu. Soja 44 ne kacal ƙarƙashin Laftana Wright, amma suka yi sahu mai kusurwa huɗu suna ɓarin wuta, Kanawa na kai hari suna komowa, har Waziri ya faɗi. Shi ne ake kira Mai Shahada. Wambai Abbas kuwa ya ware da nasa jama'a ya koma Kano ya miƙa wuya, Turawa suka naɗa shi sarki.

Abin lura shi ne, hanyoyin nan uku su ne dai ukun da ake ta muhawara a kansu tun watanni: hijira da yaƙi da sulhu. Ƙurewar lokaci ba ta haifar da wani sabon tunani ba, ba ta kuma sa wani ya rinjayi wani ba. Raba su ta yi. Kuma kowace hanya da aka bi a rarrabe ta zo a naƙase. Hijirar mutum ɗaya cikin dare gudu ake kiranta, ko da kuwa ita ce ya daɗe yana kira a yi tare. Yaƙin da aka shiga da rabin runduna, ba sarki, ƙarshensa sananne ne tun kafin a fara. Sulhun da aka nema bayan gari ya faɗi kuwa ba shi da sharaɗi, sai abin da mai nasara ya ga dama.

5.0 Sakkwato: Majalisar da Ba ta Gama Taruwa Ba

A Sakkwato matsalar ta fi zurfi. Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ya hau gadon sarauta a Oktoba 1902, ke nan watansa 5 kawai sa'ad da Turawa suka iso. Ya gaji daula wadda aka riga aka yi wa zobe. Faransawa sun kama Damagaram tun 1899 suna kuma kai da kawo a Adar, Jamusawa sun shiga Adamawa, Ingilishi sun mamaye kudu, Argungu kuma, tsohuwar abokiyar gaba, ta karɓi sojansu. Ya kuma gaji tsarin mulki wanda ƙarfinsa ke cikin shawara. Sarkin Musulmi ba shi da tsayayyar rundunar soja. Idan yaƙi ya taso sai a aika wa sarakuna da hakimai, kowa ya tara nasa ya zo. Manyan 'yan majalisa da jagororin yaƙi da dama ba a cikin birni suke zaune ba: Sarkin Yaƙi na Binji, Marafa na Gwadabawa, wani na Rabah, wani na Shuni. An gina tsarin nan ne a kan saurin doki da kuma yaƙin da ake shiryawa bayan kaka. Abokin gaban da ke da wayar tangaraho da soja mai albashi ya zo da wani lissafin lokaci daban.

Babu shaidar da ta fi bayyana wannan kamar amsar da Attahiru ya aika wa Morland. Bayan cin Kano, Morland ya rubuta zuwa Sakkwato yana sanar da zuwansu. Amsar Sarkin Musulmi gajera ce. Ya ce ya fahimci abin da wasiƙar ta ƙunsa, ya aika a kira 'yan majalisarsa daga ko'ina, amma da ya ga taruwarsu za ta ɗauki lokaci sai ya mayar da ɗan aiken, idan sun haɗu sun daidaita a kan magana zai rubuto. Turawa suka ɗauki wannan a matsayin jan ƙafa, suka ci gaba da tafiya. Mai yiwuwa akwai neman jinkiri a ciki, domin wanda aka ƙure ba abin da yake nema kamar ƙarin kwana. Amma ko da dabara ce, gaskiya ce kuma: sabon sarkin da aka zaɓa bayan takara da gidan Bello ba shi da ikon miƙa daular Shehu ko kwashe ta shi kaɗai. Wasiƙa ta biyun da ya yi alkawari ba ta riski Turawa ba kafin Giginya.

Ya dace a dubi zaɓin nan uku ta fuskar lokacin da kowanne ke ci.

Hijira ce ta fi kowanne tushe a tarihin daular. Da ita aka fara, sa'ad da Shehu Usmanu ya tashi daga Degel zuwa Gudu a Fabrairu 1804, kuma Shehu ya yi littafi sukutum a kan wajabcinta a 1806. Akwai kuma daɗaɗɗen zance na cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta ƙaura gabas. Waƙar Zuwan Annasara da ake danganta wa Attahiru ta nuna inda zuciyarsa ta karkata. Amma hijirar Degel ta jama'ar malami ce guda, tafiya gajera. Ta 1903 kuwa ta ƙunshi kwashe birane da mata da yara da tsofaffi, a nufi gabas ta ƙasashen da Nasara suka riga suka tsare. Tana bukatar raƙuma da jakuna da guzuri, da sanin rijiyoyin hanya a tsakiyar bazara, da sayar da abin da ba ya ɗaukuwa, da kuma daidaita rana tsakanin Sakkwato da Kano da Katsina da sauransu. Aikin watanni ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da Kano ta faɗi, hijira irin wadda Aliyu ya ba da shawara ta riga ta mutu, ko da yake an ci gaba da ambatonta.

Sulhu shi ma yana cin lokaci, amma irin nasa daban ne. Yana bukatar kai da kawon wasiƙu, kowace da kwanakinta a hanya. Fiye da haka yana bukatar hujja ta shari'a wadda malamai za su yarda da ita, domin shugaban da ake kira Amirul Muminina ba zai miƙa wuya ga wanda ba Musulmi ba kafin a gwada ƙarfi, sa'an nan ya ci gaba da amsa sunan. Katsina da Gwandu sun iya karɓar Turawa ba tare da yaƙi ba, amma nauyin da ke kansu bai kai na Sakkwato ba.

Yaƙi ne kaɗai ba ya bukatar a daidaita a kan komai. Kowa ya san inda zai tsaya, an gaji tsarin tun kakanni. Idan majalisa ta kasa yanke magana, abokin gaba kuma ya iso bakin ganuwa, fita fili shi ne abin da zai auku da kansa. Saboda haka da wuya a ce an zaɓi yaƙin Giginya kamar yadda ake zaɓen abu bayan an auna. Shi ne ya rage bayan sauran sun ƙare. Hatta a cikin yaƙin, dabarun da ke bukatar shiri ba su samu shiga ba, irin su toshe rijiyoyi a hanyar Turawa, ko kai hari ga ayarin 'yan dakonsu, ko farmakin dare. An koma ga abin da hannu ya saba, wato jera dawaki a fili da rana tsaka, abin da ya riga ya gaza a Kwatarkwashi mako biyu da 'yan kwanaki kafin nan.

Janar Kemball da Morland suka iso da sojansu, bayan sun haɗu da rundunar da ke Argungu. Kwanaki kaɗan ne bayan Babbar Salla, a tsakiyar Zulhajji 1320. Sarkin Musulmi ya tsaya a tsakiya, Marafa Muhammadu Maiturare na riƙe da ɓangare guda. Igwa da bindiga mai ruwa suka hana dawaki kusantar sahun Turawa, kafin rana ta take an watse. Wasu 'yan tsiraru suka tsaya kewaye da tuta har aka kashe su.

6.0 Kwana 6 na Waziri da Wata 4 na Sarkin Musulmi

Bayan Giginya sai abin da ya faru a Birnin Goga ya maimaita kansa, shugabanni suka rabu. Amma a nan akwai wani bambanci da ya cancanci a tsaya a kansa. Waziri Muhammadu Buhari ya janye zuwa ƙauyukan da ke gabas da birni tare da ɗimbin jama'a. Lugga bai iso Sakkwato ba sai 19 ga Maris, ba a kuma naɗa sabon Sarkin Musulmi ba sai 21 ga wata. Wannan ɗan tsakani na kwana 6 shi ne karo na farko tun faɗuwar Kano da wani shugaba ya sami sararin yin abin da tsarin daular ya tanada, wato ya tara malamai ya tambaye su. A cikin risalar da ya rubuta daga baya zuwa ga ma'abota ilmi da tunani, wadda Adeleye ya yi nazarinta a 1968, Waziri ya bayyana yadda aka auna al'amarin: jama'a ba su da ikon tafiya, idan shugabanni duk suka tafi za a bar raunana ba mai tsaya musu, shari'a kuma ta yi rangwame ga wanda aka fi ƙarfi ya yi mu'amala da harshe ba da zuciya ba, muddin ba a hana shi addininsa ba. A kan wannan ya komo. Aka naɗa Attahiru na Biyu, ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, daga gidan Bello, Lugga kuma ya yi jawabinsa na cewa mulki ya koma hannun Ingila ta hanyar cin yaƙi, tare da alkawarin ba za a taɓa addini ba.

Ba a nufin cewa shawarar Waziri ita ce daidai, ta Sarkin Musulmi kuma kuskure. Risalar da kanta ta nuna hankalinsa bai kwanta ba ko bayan ya komo, sai da ya sake neman fatawa daga Malam Ahmadu ɗan Sa'adu na Gwandu. Abin da ya bambanta ta shi ne ita kaɗai ce a cikin shawarwarin watannin nan ta bar rubutacciyar hujja mai matakai, wadda za a iya bi a yarda ko a ƙi. Abin takaicin shi ne sararin yin ta bai samu ba sai da aka rasa abin da ake shawara a kansa.

Attahiru na Ɗaya kuwa ya yi hijirar da ya so, amma a makare kuma ba shiri. Ya bi ta Gusau ya ratsa tsakanin Kano da Zariya ya nufi gabas. Abin da ya ba Turawa tsoro shi ne yawan mutanen da suka riƙa barin gidajensu da gonakinsu suna bin sa, a daidai lokacin da ya kamata a yi sharar gona. Wannan ya nuna cewa kiran hijira na da masu amsawa, da an yi shi da wuri da al'amarin ya ɗauki wani fasali. Cikin waɗanda suka haɗu da shi akwai Etsu Abubakar na Bidda da Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Kafi. Sai dai ayari ne mai nauyi, ba guzuri isasshe, sojan doki na bin sawunsa, damina kuma ta sauka ta cika kogin Gongola. A watan Mayu mutanen Burmi suka kori wata rundunar Turawa da ta kai musu hari. Ranar Litinin 27 ga Yuli 1903 Turawa suka dawo da ƙarfi, aka yini ana gwabzawa. Manjo Marsh, jagoransu, ya mutu da kibiya mai dafi. Aka kashe Sarkin Musulmi tare da mutane sama da 600. A lokacin Lugga yana hutu a Ingila.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya tsira da sauran jama'a ya ci gaba da tafiya gabas. Su ba wanda ya ƙayyade musu rana. Suka riƙa yada zango suna tashi, har bayan 'yan shekaru suka isa ƙasar Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar. Garin na amsa sunan Mai Wurno, kuma zuriyarsu na can ana jin Hausa da Fulatanci a bakinsu.